Ramar Bayan Gida

Tungar Kanya, ta Nahuce, Bungudu
28 ga watan Cika-ciki

Zuwa ga taubashiyata Hanatu, ɗiyar Kawu Attahiru, a Damba, Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda ko rabinta ba ki cancanta ba, ina fatan kina lafiya, da Kawu da sauran mutanen gida. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, shaidar haka ita ce jiya ta bi ni da muciya har bakin zaure.

Tun ranar Juma'a da aka yanke layin waya a jihar nan, wayata ta koma tocila. Shi ya sa na jawo tawada da alƙalamin kara. Kin san ban da ajami ba abin da na iya. In boko ya cinye miki naki, ki yi ta haɗa baƙi har ki gane, amma kada ki kai wa Kawu ya karanta miki, akwai zagi a ciki.

Ramarki ta bayan gida ta kai mini ƙirji. Ban taɓa ganin rama mai kyau irinta ba, kore shar, ganye kamar tafin hannu. Maƙwabta sun dame ni da tambaya, wai ɗiyar Attahiru shekara huɗu ta yi a jami'a don ta dawo ta shuka abin kwaɗo? Na ce musu wannan ba ta ci ba ce, 'yar shara ce. Na biya musu karatun da kika biya mini: gubar dalma da ta zube lokacin da marigayi Baba ke niƙa duwatsun zinare a wurin, tana nan kwance a ƙasa, kuma ita ce ta ɗauke mana ƙanena Khalid, Allah ya jiƙansa. Saiwar rama na zuƙarta kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir, ta hau kara, ta taru a ganye, sai a tumɓuke a kai nesa, badi a sake shukawa. Malam Haliru direba ya saurara har ƙarshe, ya ce in haka ne a shuka masa guda biyu a cikin injin motarsa.

Dokokinki suna nan yadda kika bar su. Akuya ba ta shiga, yaro ba ya shiga, tukunya ba ta ganin ganyen. Na ƙara ɗaure zanar da ta raba wurin da tsakar gida, na jibga ƙaya a ƙofar. Inna ma ba ta kallon ɓangaren, kin san tun rasuwar Khalid ko alwala ba ta zubarwa ta can.

Ga saƙonki a hannun Malam Haliru: leda uku na ganye, leda uku na ƙasa, na ɗaure da jan zare. Ki ba injin awonku na jami'a ya sha.

Sai maganar da ke tsakaninmu. Kada ki ɗauka na manta. Ranar Cika-ciki kin sauka a bakin titi, kin ɗora mini buhu a ka, kin ce kayan awon kimiyya ne, in na girgiza su za su fashe. Na yi tafiyar nan tun daga titi har gida kamar amarya, wuyana a sandare, ko ƙuda ban kora ba. Aka kwance buhu a gaban dukan gida, sai ga duwatsun bakin hanya, da tsohon takalmina a sama. Har yau yaran unguwa in sun gan ni sai su dafe kai su riƙa sanɗa.

Na ji, ke ɗiyar namiji ce, ni ɗan mace, don haka kike kirana bawanki. To na ajiye miki naki, kuma ya fi buhun nan nauyi. Ki zo ranar Asabar yadda kika yi alkawari. A gaban waɗanda suka yi mini dariya zan kwance miki shi.

Ubangidanki, ko kin ƙi ko kin so,
Yusha'u

Damba, Gusau
9 ga Safar

Zuwa ga bawan gidanmu Yusha'u.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Kawunka yana gaishe da Inna, ya ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ta bar bin mahaukata da muciya. Na karanta ajaminka tsaf. Zagi biyu na ƙirga, duka tsofaffi.

Ban zo ranar Asabar ba, kuma ban san ranar da zan zo ba. Kawunka ya hana ni hanyar nan sai abubuwa sun lafa.

Yanzu ka nutsu ka karanta wannan a hankali. Na auna ganyen da ƙasar, dalmar da na samu a ciki ba ta kai a yi magana ba. Na ɗauka na yi kuskure, na wanke komai na sake, abu ɗaya ya fito. Lokacin da na auna ƙasar wurin kafin shuka, abin da na gani ya hana ni cin abinci ranar. Ba a yi wata uku ba, yanzu kamar ƙasar kowace gona. Kuma in rama ce ta zuƙe, ai a ganyen zan same ta, ga shi babu. Ko ruwan bana ne ya tura ta can ƙasa, ko wani abu ne ban gane ba.

Don haka ban yarda da wannan sakamakon ba tukuna. Kada a buɗe zana. Kada a taɓa ganyen. Ka sake ɗebo mini, wannan karon ka haƙa kamu ɗaya, ka haɗo da saiwa, musamman daga bakin tsohon ɗakin niƙa.

Abu ɗaya ya dame ni. Bakina ya suɓuce na faɗa wa Kawunka, ya yi ta hamdala, kuma ina hango shi yanzu a ƙofar gida yana magana da Malam Haliru da hannu biyu. Ban san abin da yake faɗa masa ba. In wata magana ta iso gida, wadda ke cikin takardar nan ita ce tawa.

Abin da ka ajiye mini kuwa, ka ci gaba da ɗaukarsa a ka har in zo. Ka saba.

Uwar ɗakinka,
Hanatu

Tungar Kanya
17 ga Safar

Hanatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Kawu. Muna lafiya, har yanzu dai. Wannan ma kada ki ba kowa ya karanta, ba don zagi ba.

Malam Haliru bai miƙa mini takardarki ba sai da ya gama aikinsa. Tun daga zaure yake faɗin albishir, wai Kawu ya ce injin jami'a ya auna sau biyu, ƙasa ta warke. Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta dube shi, ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Sai ta juya gabas ta yi sujada a nan kan tabarma, garin dawa duk a goshinta. Da ta ɗago tana kuka tana dariya. Hanatu, ke ba ki zauna da ita ba shekarun nan. Ni rabon da in ga haƙoranta na dariya irin wannan tun Khalid yana raye.

Na karanta musu takardarki a fili. Da na kai inda kika ce kada a buɗe zana, na ɗaga murya, na maimaita. Inna ta ce wannan tsantsenin 'yan boko ne, inji ya faɗa sau biyu, ɗan'uwanta ya shaida, wa ya rage? Washegari ta yi waina ta raba sadaka.

Kwana biyu bayan haka Yaya Fatsuma ta iso daga wajen Tsafe da ɗiyarta Nana a baya, da ƙullin kaya ɗaya. An tashi ƙauyensu. Mijinta ya tsaya cikin garin Tsafe yana neman inda zai ajiye su. Kin san gidanmu, ɗaki biyu ne, ɗaya ya cika da gero. Inna ta ce Allah ya buɗe wuri a kan lokaci. Da hannunta ta janye ƙayar, ta kwance zana, ta share tsohon ɗakin niƙa ta shimfiɗa musu.

Kuma an rufe kasuwanni, ba cefane. Kuɓewarmu ta ƙare. Ga rama a bayan ɗaki, kore shar. Kwana biyar ke nan kullum kwaɗonta ake yi da ƙuli-ƙuli.

Na yi iya dabarata. Na ce na ga kububuwa a cikin ramar, Yaya Fatsuma ta ce in kamo a haɗa a kwaɗon. Na ce aljani na zaune a gindin katanga, Inna ta ce ya fito ya taya ta daka. Duk irin ƙaryar da na saba ce, sun san launinta. Na ɗauki fartanya da hantsi na fara sare ramar, Inna ta fito ta riƙe mini hannu, ta ce: "Mi kaka yi? Hassada kaka yi ma ɗiyar mutane don ta yi abin da ka kasa?"

To ga abin da na ajiye miki.

Ganyen da na aiko ba na bayan gida ba ne. Daga gonar Inna na tsinko shi, ta bakin fadama, inda ta watsa ragowar irin da kika bari. Ƙasar ma daga can na ɗebo. Na yi nufin ki kai wa injinku ya ce ba komai, ki yi kwana biyu kina susar kai, ranar Asabar ki zo in fito miki da na gaskiya a gaban mutane, in ce ga likitar ƙasa da ba ta iya bambanta gona da bayan ɗaki ba. Iyakar abin da na nufa ke nan, Allah ne shaida. Ledojin gaskiyar suna nan rataye a rumbu.

Za ki ce me ya hana ni faɗa lokacin da Inna ta ɗago daga sujada. Na buɗe baki. Na ga garin nan a goshinta, na rufe. Na ce bari a gama rabon waina. Da aka gama na ce bari baƙi su huta. Kullum akwai abin da zan jira.

Ki rubuto wa Inna da hannunki, ki ce injin ne ya yi kuskure, a rufe wurin yau. Maganarki za ta ji. Ba sai kin ambaci sunana ba, in kin ga dama.

Kafin amsarki ta zo, abin da nake yi shi ne in ɗauke Nana daga ƙasa. Tun safe tana bisa wuyana. Shekararta biyu da rabi, bakinta ya buɗe sosai, tana kirana Sa'u, ta riƙe kunnuwana ta ce "doki, tashi". Sai in tashi. Amma dole in je gona, kuma duk na dawo sai in same ta zaune a bakin ɗakin tana dafa tuwon ƙasa.

Ki yi sauri.

Yusha'u

Damba, Gusau
2 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga bawan da ya gudu daga aiki.

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, in ka damu ka sani. Mako uku ba takarda, ba ganye, ba ƙasa. An ce motar Malam Haliru ta kwanta saboda ba a sayar da mai, to amma kai ƙafarka ma man take sha? Wannan na ba limamin Nahuce ne da ya zo ganin likitan ido. An dawo mana da layin waya a cikin Gusau, na kira lambarka ya fi sau ashirin, an ce ku har yanzu shiru.

Ranar Litinin na gabatar da abin da na samu a gaban malamaina. Babban cikinsu ya duba lambobin, ya cire tabarau, ya ce ƙasa ba ta warkewa haka a damina ɗaya. Ya tambaye ni wa ya ɗebo ganyen. Na ce ɗan'uwana. Ya ce ya yi makaranta? Na ce ya sauke Alƙur'ani. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba, yana nufin ko ya san muhimmancin abin da aka sa shi. Raina ya ɓaci. Na ce masa wurin nan ne ya kashe ƙanen ɗan'uwan nawa, ba wanda ya fi shi sanin muhimmancinsa. Na ce yana da wasa, duk dangi sun shaida, amma ba ya wasa da amana. Ya mayar da tabaransa ya ce to a sake awo.

Ka ga yadda nake tare maka faɗa a birni, kai kana can kana barci. Ka aiko mini abin da na ce, ko a hannun wa.

Liman ya ce Yaya Fatsuma tana gida. Ka gaishe ta, ka yi mata jaje. Ga takalmin roba na saya wa Nana, in ya yi mata yawa ta girma a ciki. Ku riƙe ta nesa da zanar nan, yara irin shekarunta komai baki suke kaiwa.

Har yanzu ina jiran abin da ka ajiye mini. Ko dai babu ne, cika baki kawai?

Uwar ɗakinka,
Hanatu

Tungar Kanya
13 ga Rabi'ul Awwal

Hanatu,

Assalamu alaikum. Ba zan ce muna lafiya ba. Masu miƙa miki wannan takardar su ne Inna da Yaya Fatsuma, kuma za ki ga abin da suke ɗauke da shi kafin ki buɗe ta. Takardu biyu ne. Ki fara da tsohuwar, mai tabon man inji.

Da Liman ya kawo takardarki na karanta, sai na gane tawa ba ta isa ba. Na tafi gidan Malam Haliru. Motar tana ƙarƙashin darbejiya, kaji sun hau kanta. Na sami takardata a ƙarƙashin kujera tare da ganyen goro. Kwana goma sha takwas ina kallon hanya, ina cewa yau amsar Hanatu za ta zo ta faɗa a madadina, ashe maganar tana nan kwance nesa da gidanmu da gida shida.

Na dawo da ita a aljihu. Na karanta abin da kika faɗa wa malaminku sau uku. Duk da haka ban yi magana ba. Ina so ki san wannan, kada ki ɗora wa mota ko man fetur. Na ce saura mako guda Mauludi, Inna ta jiƙa gero, ta yi wa Nana ɗinki, bari a wuce. Na sake jira.

Nana ta fara ƙin abinci tun kwana biyar. Sai amai. Sai ta bar hawa wuyana, in na durƙusa na ce ga doki, ta kwantar da kai a jikin uwarta. Suka ce haƙori ne, suka ce shawara ce. Jiya da hantsi, ana cikin suyar Mauludi, tana zaune da takalmin da kika aiko a ƙafa ɗaya, sai ta faɗi. Idonta ya juye, jikinta ya kama jijjiga. Inna ta saki matsami a cikin mai. Ba ta tambayi kowa ba, ta taɓa ganin wannan. Ta ce da ƙaramar murya: "Amma an ce ƙasa ta warke."

A nan na faɗa. A tsakar gida, a gaban matan da suka zo taya suya, wasunsu su ne suka yi mini dariya ranar buhu. Na ce a gabansu zan kwance, haka kuwa aka yi.

Na so Inna ta ɗauki muciya. Ba ta ɗauka ba. Ta wuce ta gabana ta ɗauko mayafinta kamar ba mutum a wurin. Yaya Fatsuma ce ta yi magana, tana rungume da ɗiyar, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce: "Kana zaune kana kallo ina sa mata a baki. Na ce ka ci, ka ce ka ƙoshi."

Haka ne. Wata guda ban ci kwaɗon nan ba ko sau ɗaya.

Mai unguwa ya samo mai, Malam Haliru ya tada mota. Ban shiga ba, ba a ce in shiga ba. Ga leda shida na ɗaure da baƙin zare, ganye da saiwa da ƙasa, daga bakin ɗakin niƙa, kamu ɗaya yadda kika ce. A gaban Liman na haƙa, ya sa hannu a jikin kowace leda, don kada ki dogara da maganata.

Ki kai su inda ya dace, kin fi su sanin gari. Ki faɗa wa likita gaskiyar abin da ta ci da inda ta zauna, da kwana nawa. Kwana talatin ne.

Yusha'u

Damba, Gusau
27 ga Rabi'ul Awwal

Yusha'u,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardunka biyu rana ɗaya.

Nana tana raye. Sun auna jininta, dalmar da ke ciki ta yi yawa ƙwarai. Suna ba ta wani magani da ke kama gubar a jini ya fitar da ita ta fitsari, kaɗan kaɗan, zagaye bayan zagaye. Jijjigar ta tsaya tun kwana na uku. Tana cin kunu. Tana tafiya in ta dafa bango. Ba ta yi magana ba tukuna, ko Inna ba ta kira ba. Na tambayi likita ko bakin zai dawo, ya ce wasu yana dawowa, wasu rabi, ba zai yi mini alkawari ba. An auna Inna da Yaya Fatsuma, su ma akwai, amma manya sun fi jurewa. Kai ma sai an auna ka, ka yi aiki a ƙasar nan.

Na auna ledojinka. Ganyen cike yake da dalma, saiwar ta fi. Ramar ta yi aikin da aka shuka ta dominsa. Wannan ne sakamakon da na kwana ina roƙon Allah ya nuna mini tun farkon damina, na same shi ina zaune a barandar asibiti. Ƙasar kuwa ta ragu kaɗan ne kawai. Aikin shekaru ne.

Na koma wurin malamin nan na faɗa masa duk abin da ya faru. Ya ce in sake aikin daga farko. Zan maimaita shekarar.

Ba kai kaɗai ba ne. Tun farko malamin ya ce mini kada in shuka abin da ake ci a cikin gidan mutane, na ce masa na san gidan, na san mutanen. Na zaɓi rama don irinta na da araha kuma tana saurin girma. Ni na faɗa wa Kawunka abin da ban tabbatar ba. Buhun duwatsun nan ma ni na fara. Duk wannan nawa ne, ina ɗauke da shi. Amma wata gudan nan naka ne.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗaure hanci da baki, ka tumɓuke ramar duka da saiwarta. Kada ka ƙona, hayaƙin da tokar duk guba ne. Ka zuba a buhuna, ka haƙa rami mai zurfi a tudu, nesa da rijiya da fadama, ka shimfiɗa leda ka binne. Ka rufe ɗakin niƙa da laka. Kayan da ka yi aikin da su kada su shiga tsakar gida. Zan aiko da saiwar ciyawar jema a buhu in na samu. Ita ba a cinta, tana riƙe gubar a saiwa, tana kuma rufe ƙasa. Za ka dasa ka riƙa ba ta ruwa har damina.

Inna ta ce a faɗa maka ka kula da akuyoyi. Iyakar saƙonta ke nan. Yaya Fatsuma ba ta ba da saƙo ba.

Maganar wasan da ke tsakaninmu, na ajiye shi. Ba fushi ba ne. Na ɗauki alƙalami in rubuta sunan da na saba kiranka, hannuna ya ƙi.

Hanatu Attahiru

Tungar Kanya
19 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Hanatu, ɗiyar Kawu Attahiru.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Kawu, da Inna. Ki gaishe da Yaya Fatsuma in kin ga za ta amsa, in ba haka ba ki bar ta. Ina lafiya. Akuyoyi lafiya, jar ta haifi biyu, ki faɗa wa Inna.

An dawo mana da layin waya kwana huɗu ke nan. Lambarki tana kaina. Na danna ta har ƙarshe sau da yawa ina gogewa. A takarda ba sai na ji yadda muryarki ta koma ba.

Na yi duk abin da kika ce. Buhu goma sha ɗaya ramar ta cika. Na haƙa ramin a tudun bayan makabarta, ya shanye ni har wuya, na shimfiɗa leda na binne, na jera duwatsu a kai. Wani ya wuce yana tambaya ko taska nake ɓoyewa. Da can da na ce masa eh, in bar shi ya kwana uku yana haƙa. Na ce masa guba ce, na zaunar da shi na yi masa bayani tun daga niƙan dutse har ganye. Ya tafi yana waiwaye, bai yarda ba. Yanzu duk maganar da ta shafi wurin nan sai na ɗauko Liman ya tsaya kusa da ni kafin a ji.

Na toshe ɗakin niƙa. Kafin in toshe na sami takalmin Nana ƙafa ɗaya a bayan ƙofa. Na wanke shi da sabulu sau bakwai, ya bushe, yana cikin ledar nan. In kin ga bai kamata ya koma ƙafarta ba, ki jefar. Malam Haliru ya ce ya gan ta a ƙofar gidanku tana nuna akuya da yatsa, bakinta yana motsi. Ban sani ba ko gaskiya ne ko tausayina ya ji. Ki rubuto mini ko da layi ɗaya ne. In ta fara magana kada a koya mata sunana dole. Ta kira uwarta tukuna.

Zan zo awon jinin ranar da kika ce. Zan sauka a Sabon Gari wurin wani abokina, ba sai na shigo gida ba.

Jiya buhunki ya iso. Malam Haliru ya sauke shi a bakin titi, daidai inda kika tsaya ranar Cika-ciki. Ya ce in nemo baro, jiƙe yake, yana da nauyi. Na ce a ɗora mini a ka. Na bi hanyar nan, ruwan laka yana bin wuyana. Yaran unguwa sun gan ni, ba wanda ya dafe kai.

Na kai shi bayan gida na kwance. Saiwar jema ce, yadda kika faɗa, dami dami, kin ɗaure kowanne da kyau. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare na sa hannu har gindin buhun ina lalube. Na juye shi, na kakkaɓe, na duba kusurwoyin. Na ce ko ɗan ƙarami ne, ko tsakuwa ɗaya.

Babu dutse, Hanatu. Duk jema ce.

Na dasa layi tara kafin azahar. Na ba su ruwa.

Yusha'u